Kafaɗata na yawan gocewa, wane hoto zan biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 23. Kafaɗata ta dama ta goce a filin ƙwallo, mai ɗori ya mayar da ita, amma tun daga nan ba ta zauna ba. In na ɗaga hannu zan sa riga sai in ji kamar za ta fita, har ta sake fita sau biyu. Wani ya ce MRI, wani ya ce CT, wani ya ce sikanin ma ya isa. Kuɗin hoto ɗaya gare ni. Daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna, ka fara ganin likitan ƙashi, ko a asibitin Shika da ke Zariya ko a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano. Zai ɗaga hannunka ya murɗa shi baya ya ga ko za ka zabura. Daga nan sai eksire, mafi araha. A ɗauka ta gaba, a kuma ɗauka ta hammata, don ta gaba kaɗai kan ɓoye wani abin.

Kan ƙashin hannu mulmulalle ne, gurbinsa kuwa ba zurfi, kamar lemo a kan faranti. Wani leɓe na guringuntsi da ya kewaye gurbin, shi da jijiyoyi, su ke riƙe shi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba take yi, kuma a matashi irinka leɓen nan ne kan ɓalle. Shi ake kira raunin Bankart, sunan likitan Ingila da ya yi bayaninsa a 1923. Eksire ba ya ganin leɓen, MRI, wato hoton da ake ɗauka da injin maganaɗisu, shi ke gani. Tunda raunin ya daɗe, wataƙila a fara yi maka allurar wani ruwa a cikin gaɓar don yagewar ta fito fili. Kafin ka biya, tambayi ƙarfin injin: mai Tesila 1.5 ko sama ka nema. Ƙananan injina sun fi sauƙin kuɗi, amma in hoton ya fito dishi-dishi, biya biyu ke nan.

CT fa, wato eksiren kwamfuta mai nuna ƙashi dalla-dalla? Duk fitar da kafaɗar ta yi, tana gugar bakin gurbin. In abin da ya zaizaye ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar, ɗinke leɓen kaɗai ba ya riƙewa, sai a ɗauko ƙashi a ƙara, aikin da likita Latarjet na Faransa ya fito da shi a 1954. CT ya fi kowa auna wannan zaizayar. Don haka in eksire ya nuna ƙashi ya gutsure, kuɗinka na CT ne. In bai nuna ba, MRI. Sikanin kam bar shi, ba ya isa leɓen sosai.

In ka taɓa walda ko akwai ƙarfe a jikinka, ka faɗa kafin a sa ka injin MRI, maganaɗisu ne.

Tambaya: Mahaifinmu mai shekara 58 ya faɗi, kafaɗa ta goce, an mayar a asibiti, amma har yau ya kasa ɗaga hannun. Daga Maraɗi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Nan sikanin ke da amfani. Wanda ya haura 40, jijiyoyin da ke ɗaga hannu ne suka fi yagewa, kuma ƙwararren mai sikanin zai gan su da kuɗi kaɗan. Ku kai shi cikin makon nan, don jijiyar da ta daɗe a yage tana janyewa, ɗinkinta ya yi wuya. Ku gaya wa likita in gefen kafaɗar ya mutu ba ya jin taɓi.