Tambaya da Amsa: Yadda Mai Koyo Zai Ƙara wa Furosesa Gudu Ba Tare da Ya Lalata Ta Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, na haɗa kwamfutar tebur da kaina, ina gyaran bidiyo da wasanni a kanta. Furosesata, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Intel Core i5-12600K ce, a kan madabod (babban allon da ake haɗa sassan kwamfuta a kansa) mai Z690. Na ji ana cewa za a iya ƙara mata gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, amma wani abokina ya ce muddin na taɓa za ta ƙone. Shin gaskiya ne, kuma ta ina ya kamata mai koyo ya fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya, sai dai bai ɗora laifin inda ya dace ba. Idan gudu ya fi ƙarfin furosesa, yawanci kwamfuta tsayawa take yi cak ko ta kashe kanta, kuma da zarar an mayar da saitin baya sai ta koma aikinta. Abin da ke cin rayuwar furosesa shi ne ƙarfin lantarkin da ake tura mata, wato boltej, idan ya wuce kima, da kuma zafin da ke biyo bayansa. Saboda haka duk abin da zan faɗa maka a ƙasa yana komawa ne ga sa ido a kan waɗannan biyun.

Gudun furosesa lissafi ne mai sauƙi. Akwai gudun tushe, wanda a kwamfutocin yau yake kan 100 MHz, sannan akwai lambar ninki da ake ninka shi da ita. Idan lambar 45 ce, an sami 4500 MHz, wato 4.5 GHz, idan kuma aka mayar da ita 48 an sami 4.8 GHz. Kamfanin Intel yana kulle wannan lamba a mafi yawan furosesocinsa, yana barin ta a buɗe a masu ɗauke da harafin K, kuma sai a kan madabod na jerin Z ake iya canza ta. Kai ka dace da duka biyun. Gudun tushen kuwa ka bar shi yadda yake, domin saurin RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ma a kansa ya dogara, kuma taɓa shi yana jawo matsalolin da mai koyo zai sha wahalar gano asalinsu.

Ya kamata ka san iyakar ribar tun kafin ka fara, don kada ka ɗora rai a kan abin da babu. A shekarar 1998 masu furosesar Celeron 300A sun riƙa ɗaga ta daga 300 MHz zuwa 450 MHz ta hanyar mayar da gudun tushe daga 66 zuwa 100, ƙarin rabi ke nan a kyauta. Core i5-2500K ta 2011, wadda aka saita a 3.3 GHz, mutane da yawa sun kai ta 4.5 GHz da fanka mai kyau kawai. Wancan zamani ya wuce. Furosesocin yanzu suna ƙara wa kansu gudu idan suka ga sarari, kuma taka tana kaiwa 4.9 GHz da kanta a aikin da bai cika ta ba. Abin da za ka iya nema shi ne manyan ƙwayoyin aikinta guda 6, wato sassan da ke yin lissafi a cikinta, su riƙe gudu mai yawa a lokaci ɗaya, wanda zai rage maka lokacin jiran bidiyo, amma a wasanni da yawa da ƙyar za ka ga bambanci, domin can katin hoto ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin.

Kafin ka canza komai, ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri, domin kwamfutar da ke faɗuwa a tsakiyar aiki tana iya ɓata abin da take rubutawa. Ka sauke waɗannan manhajoji: HWiNFO don ganin zafi da boltej, da Cinebench don auna ƙarfin aiki, da OCCT ko Prime95 don matsa wa furosesa lamba. Ka gudanar da Cinebench a saitin kamfani, ka rubuta a takarda makin da ya ba ka, da zafi mafi girma, da boltej, da gudun da ƙwayoyin suka tsaya a kai. Wannan takarda ita ce ma'auninka, kuma wanda bai yi ta ba ba zai san ko ya ci gaba ko ya koma baya ba. Idan tun a nan zafin ya kusa digiri 90 a ma'aunin Salshiyas, to ka dakata, domin na'urar sanyayawarka ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar ƙari. Ka kakkaɓe ƙura, ka sake shafa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa, ka tabbata an ɗaure shi sosai, in kuma abin bai sauya ba ka nemi wadda ta fi ta girma.

Dalilin da ya sa nake nanata batun sanyayawa yana cikin lissafi. Zafin da furosesa ke fitarwa yana ƙaruwa daidai da gudu, amma da boltej yana ƙaruwa ne ninki a kan ninki. Idan ka ɗaga boltej daga 1.20 zuwa 1.32, ƙarin kashi 10 cikin 100 ke nan, zafin zai ƙaru da kusan kashi 21. Idan ka haɗa da ƙarin gudu na kashi 10, za ka tarar zafin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, alhali aikin da ka samu bai wuce ƙarin kashi 10 ba.

Sai aikin kansa. Ka sake kunna kwamfuta, ka riƙa danna Del ko F2 har shafin BIOS, wato shafin saitunan madabod, ya buɗe. Ka nemi wurin da aka rubuta CPU Ratio, ko P-Core Ratio a wasu allunan, ka sa lambar da ta ɗara wadda ka rubuta a takarda da ɗaya tak. Idan ka ga 45, ka sa 46. Daga nan ka je CPU Core Voltage. Kada ka bar shi a Auto, domin allunan da yawa suna tura wuta fiye da buƙata da zarar sun ga an ɗaga gudu, don dai kwamfutar ta tashi ko ta halin ƙaƙa. Ka sa shi da hannunka a kusan 1.25, ka danna F10 ka adana. Idan Windows ya buɗe, ka kunna HWiNFO a gefe, ka yi Cinebench na minti 10, sannan OCCT na rabin awa, idonka na kan layin zafi. Idan komai lafiya, ka rubuta sakamakon, ka koma ka ƙara ɗaya. Idan ta sandare, ko shuɗin allon kuskure na Windows ya fito, ko OCCT ya nuna kuskure, to ko dai ka ƙara boltej da 0.01 zuwa 0.02 ka sake gwadawa, ko ka koma lambar baya.

Abu ɗaya ake canzawa a kowane zagaye. Wanda ya ɗaga gudu, ya kunna XMP, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, ya taɓa wasu saituna uku a lokaci guda, idan matsala ta zo ba shi da hanyar sanin mai laifi. Sannu ba ta hana zuwa. Shawarata ga mai koyo ita ce ya tsaya da zarar zafi ya kai digiri 85 a lokacin gwaji, ko boltej ya kai 1.35, duk wanda ya riga zuwa, sannan ya sauko da mataki ɗaya daga inda ya tsaya ya zauna a nan. Iyakar furosesarka digiri 100 ce, inda take rage wa kanta gudu don kare kanta, kuma ina roƙonka kada ka kashe wannan kariya ko da wani ya ce maka tana hana ka maki.

Tambaya: Malam, ni kwamfutar cinya gare ni, kuma tana nauyi idan na buɗe manhajoji da yawa. Zan iya yi mata wannan aikin?

Amsa: 'Yar'uwa, ban ba ki shawarar haka ba. Mafi yawan kwamfutocin cinya a kulle suke, kuma ƙaramar fankarsu da ƙyar take iya da zafin da aka saita su a kai. Nauyin da kika kwatanta ya fi kama da ƙarancin RAM, ko tsohon faifan ajiya mai juyawa wanda ya kamata a musanya da SSD, ma'ajiya marar juyawa da ta fi shi sauri, ko kuma ƙura da ta toshe hanyar iska har furosesa ta rage gudu da kanta.

Tambaya: Barka da aiki, Malam. Na kwafi lambobin da wani mai irin furosesata ya yi amfani da su, na zuba su a BIOS, yanzu kwamfutar ba ta nuna komai. Fankoki suna juyawa amma allon baƙi ƙirin. Ta mutu ke nan?

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, da wuya a ce ta mutu. Abin da ya fi yiwuwa shi ne saitin ya fi ƙarfinta, ta kasa tashi, kuma maganinsa a goge saitin. Ka kashe ta, ka zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita. Ka buɗe akwatin, za ka ga wani batir zagayayye mai sheƙi a kan madabod, an rubuta CR2032 a kansa, wani ɗan ƙarfe na riƙe da shi a gefe. Ka tura ƙarfen da farce, batirin zai ɗago, ka cire shi ka jira kamar minti 5, sannan ka mayar da shi rubutun yana kallon sama. Allunan da yawa suna da wasu ƙananan ƙarafa biyu da aka rubuta CLR_CMOS ko makamancin haka a kusa da su, waɗanda ake haɗawa da bakin sukundireba na ɗan lokaci, wasu kuma maɓalli gare su a baya. Littafin madabod ɗinka zai nuna maka wurin. Idan ta tashi, za ka sake saita agogo da kwanan wata.

Kwafar lambobin wani kuwa kada ka sake yi. Furosesoci biyu masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, ba sa zama daidai, domin ƙananan bambance-bambance a wurin ƙera su suna sa ɗaya ta riƙe 5.0 GHz a boltej kaɗan, ɗayar kuma ta buƙaci da yawa ko ta ƙi gaba ɗaya. Ga kuma bambancin madabod da na sanyayawa da zafin ɗakin da kowa yake ciki. Lambobin wani suna nuna maka inda ake iya kaiwa ne kawai, taka kuwa sai ka auna ta da kanka.

Tambaya: Malam, tawa AMD Ryzen 5 7600X ce. Hanyar ɗaya ce da ta Intel? Sannan yaya batun garanti, kuma idan gwaji ya wuce lafiya shi ke nan babu sauran haɗari?

Amsa: Furosesocin Ryzen na tebur yawancinsu a buɗe suke, kuma allunan jerin X da yawancin na jerin B suna ba da dama, na jerin A ne ba sa bayarwa. Sai dai a kansu ban cika son a kafe gudu wuri ɗaya ba, domin hakan yakan hana furosesa hawan da take yi da kanta a ƙananan ayyuka. Abin da ya fi dacewa shi ne saitunan AMD da ake kira Precision Boost Overdrive tare da Curve Optimizer, a BIOS ko ta manhajar Ryzen Master. A nan rage boltej ake yi kaɗan kaɗan, a fara da ragin 5 ko 10, sai furosesa ta yi sanyi ta kuma sami sararin ƙara gudu da kanta. Jerin Ryzen 7000, wanda taka take ciki, an ƙera su su kai digiri 95 a aiki mai nauyi, don haka ganin wannan lamba kaɗai ba alamar lalacewa ba ce. Ka lura cewa ragin da ya yi yawa yakan nuna kansa ne lokacin da kwamfuta ke zaune ba ta komai, sai ka ga ta sake kunna kanta, saboda haka gwajin matsin lamba shi kaɗai bai isa ba, sai ka yi kwanaki kana aikinka na yau da kullum a kanta.

Game da garanti, Intel da AMD duka sun bayyana cewa gudanar da furosesa a wajen iyakar da suka tsara yana iya soke shi, kuma AMD ta sa Precision Boost Overdrive a cikin wannan hukunci. Intel ta taɓa sayar da wata kariya ta musamman ga masu ƙara gudu, amma ta daina a 2021.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci. Wucewar gwaji tana nuna furosesa ta tsaya da ƙafarta a yau, ba ta ce komai game da baɗi ba. Boltej mai yawa tare da zafi yana cinye siraran hanyoyin da ke cikinta a hankali, har wata rana saitin da ya yi shekara yana aiki ya fara faɗuwa, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. An ga misalinsa a 2024, lokacin da Intel ta tabbatar cewa boltej da ya wuce kima ya sa wasu furosesocinta na tebur na ƙarni na 13 da na 14 suka daina aiki daidai, har ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS ta kuma ƙara shekara biyu a garantinsu. Saboda haka ka riƙa buɗe HWiNFO lokaci zuwa lokaci, musamman idan yanayi ya yi zafi, ka kuma duba layin WHEA, mai ƙirga kurakuran na'ura, da ke ƙasan jerin. Idan lambar da ke wurin ta tashi daga sifili, ko wata manhaja ta fara rufe kanta ba dalili, ka sassauta saitin da mataki ɗaya ka sake gwaji, kada ka nemi rufe matsalar da ƙarin wuta.