Amsa ga mai neman agogon nutso na farko

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya wane agogo mai sauƙin kuɗi za ka saya tunda ka fara koyon nutso a tekun Maliya a Jidda.

Kada rubutun mita 30 ko 50 na jure ruwa da ke bayan agogo ya ruɗe ka, domin irin wannan ba na nutso ba ne. Ka nemi mai mita 200, wanda maɓallinsa na gefe ake murɗa shi ya kulle, zoben ƙidayar lokacin nutso da ke kewaye da fuskarsa kuma yana juyawa ɓangare ɗaya kawai, ta yadda ko ya goce ba zai nuna maka kana da sauran lokaci fiye da gaskiya ba.

Casio Duro ya fi araha, kuma da batir yake aiki. Amma in aljihu zai ɗauka, ni Citizen Promaster na nutso samfurin Eco-Drive na fi so, saboda ya cika ƙa'idar duniya ta agogon nutso, wato ISO 6425, kuma da haske yake caji, abin da ba ma rasawa a Saudiyya.

Duk wanda ka saya, ka ɗauraye shi da ruwan famfo bayan kowace shiga, saboda gishirin Maliya yana da yawa, yana kuma maƙalewa a ƙarƙashin zoben.