Tabarau ko maganin ɗigawa, wanne za a fara saya?

Tambaya: Ni tela ce a Gusau. Tun shigowar hunturu nake gani hazo-hazo idan na daɗe a kan keke, amma da na ƙifta ido sai ganin ya washe na ɗan lokaci, ga kuma ji kamar da yashi a ciki. Shin in yanki tabarau ne, ko in sayi maganin ɗigawa a kemis?

Amsa: Malama, ki dakata da batun tabarau tukuna, domin matsalar da tabarau ke gyarawa ba ta gushewa don an ƙifta ido. Alamominki sun fi kama da bushewar ido. Fatar nan mai kama da gilashi da ta rufe baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya, ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske, amma santsinta ya dogara ne ga siririn hawayen da ke shimfiɗe a kanta. Idan busasshiyar iska ta ƙafar da shi sai ya tsattsage, haske ya warwatse, gani ya dusashe, har sai ƙiftawa ta sake shimfiɗa shi. Mutum kan ƙifta kamar sau 15 zuwa 20 a minti, amma wanda ya ƙura wa allura ko waya ido yakan yi ƙasa da haka sosai. Awon tabarau a irin wannan ido ba abin dogaro ba ne, lambar na iya fitowa daban gobe, kuɗi kuwa sun riga sun tafi.

Ki nemi maganin ɗigawa mai maye gurbin hawaye, kuma idan za ki ɗiga fiye da sau 4 a yini, wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba ya fi. Ki guji duk kwalbar da aka rubuta dexamethasone ko betamethasone sai da umarnin likita, domin tana kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma yawan amfani da ita na iya jawo hawan jinin ido da yanar ido. Idan akwai zafi ko ja sosai, ko hazon ya daina washewa, ki je wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba.

Tambaya: Ni ɗan kabu-kabu ne a Ƙauran Namoda, idona kullum hawaye yake yi a kan babur. Me zan saya?

Amsa: Malam, busasshen ido ma yakan zubar da hawaye idan iska ta dame shi. Ka sayi tabarau mai rufe gefe da gefe, fari don dare, mai duhu don rana.