Amsa ga Hajiya kan shiga karatun likita kai tsaye a Amurka

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana zuri'a. Na ga tambayarki: ɗiyarki tana aji 11 a sakandare nan Amurka, GPA ɗinta (matsakaicin makin darussanta) 3.9, ta ci 1480 a SAT (jarrabawar neman shiga jami'a), likitanci take so, kina son sanin ko za ta iya samun irin su Harvard da Brown, ko kuma shirin nan da ake zarcewa makarantar likita tun daga sakandare. Ni ba ma'aikaciyar jami'a ba ce. Uwa ce da ta bi wannan layi da ɗanta, kuma tun daga nan iyaye a unguwarmu suke kawo min takardun 'ya'yansu mu duba tare.

Ki fara cire tsarin gida daga ranki. A Zariya ko Kano yaro ya ci JAMB ya samu gurbi, shekara 6 ya fito da MBBS. Nan hanyar kowa ita ce digirin farko na shekara 4, a zana MCAT, wato jarrabawar shiga makarantar likita, a nemi makarantar likita daban, a yi wasu shekaru 4, sannan horon ƙwarewa na shekara 3 zuwa 7. Shirin da kike magana a kai, wanda suke kira BS/MD, tsiraru ne ke shiga ta cikinsa. Galibin likitocin da kike gani a asibiti ba ta nan suka bi ba.

Harvard ba ta da shi sam. A cikin manyan jami'o'i 8 da ake kira Ivy League, Brown kaɗai ke da shi, sunansa PLME, shekara 8 ne kuma ba a tilasta MCAT. Case Western da ke Cleveland da jami'ar Rochester suna da nasu na shekara 8, amma kujerun kowannensu ba su cika aji ɗaya na firamare ba, masu nema kuwa daga duk faɗin ƙasar suke. Jami'ar Penn State tare da makarantar likita ta Jefferson shekara 7 ne, haka jami'ar RPI tare da makarantar likita ta Albany. Jami'ar UMKC da ke Kansas City shekara 6 ne, kusan babu dogon hutu, kuma 'yan jihar Missouri take fifitawa. Northwestern da Boston University sun rufe nasu, amma har yau sunayensu na yawo a tsofaffin jerin da ake turawa a WhatsApp, saboda haka duk wanda aka turo miki ki shiga shafin makarantar ki tabbatar. Ba ki kuma faɗi matsayin takardunta na zama a ƙasar ba. Yawancin waɗannan shirye-shirye sai ɗan ƙasa ko mai girin kad suke karɓa, in babu ɗaya daga ciki jerin zai tsuke ƙwarai.

Maganar makinta kuma, tsakani da Allah yarinya ta yi ƙoƙari. Sai dai masu tantancewa ba 3.9 ɗin kaɗai suke kallo ba, suna duba a waɗanne darussa aka samo shi. In makarantarsu na koyar da AP, wato darussa masu matakin jami'a, a kimistiri da bayoloji da lissafi mai zurfi amma ta kauce musu, za su gani, domin kowace sakandare tana tura musu bayanin abin da take koyarwa. 1480 kuma, cikin 1600, zai buɗe mata jami'o'i masu kyau da yawa, amma a matakin da kika ambata galibin waɗanda ake ɗauka daga 1500 suke zuwa sama. Ta sake zanawa a watan Agusta ko Oktoba. Kada wani ya ce miki an daina duba SAT: MIT ta dawo da shi a 2022, Brown da Yale da Dartmouth da Harvard suka sanar da dawo da sharaɗin jarrabawar a 2024. Ko ta kai 1550, ki sani an yi shekarun baya-bayan nan da Harvard ba ta ɗauki mutum 4 cikin 100 na masu nema ba. Yara masu cikakken maki ana mayar da su duk shekara, ba don sun gaza komai ba, wuri ne babu.

Abin da na ga yana raba yara a shirin likitanci shi ne hujjar cewa sun san aikin da suke nema. Yarinya mai shekara 17 tana cewa a ajiye mata kujerar likita, dole su tambaya: me kika gani? Ɗana a gidan kula da tsofaffi ya yi aikin sa kai duk Asabar. Tura keken marasa lafiya, cika butar ruwa, naɗe barguna, ba wani abin a zo a gani ba. Akwai wani dattijo da ba ya taɓa abinci sai an zauna kusa da shi, nas ba ta da lokacin zama, sai yaron ya ja kujera ya zauna har a cinye. A kan wannan ya rubuta insha'insa, mai iyakar kalmomi 650 a Common App, fom ɗin bai-ɗaya na neman jami'o'i, kuma a kansa aka fi yi masa tambaya ranar intabiyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ɗiyarki ba ta fara irin wannan ba, ta fara a hutun nan, ta kuma roƙi likitan gidanku ya bar ta ta riƙa binsa a bakin aiki. Wuri ɗaya da aka daɗe a cikinsa ya fi wurare biyar da aka leƙa don cika fom.

Akwai abin da 'ya'yanmu ke ɓoyewa don suna ganin ba komai ba ne. Yarinyar da ke ɗauko ƙannenta daga makaranta, ta dafa na dare saboda uwa na wurin aiki, ko take koyar da yara a Islamiyya ranar Lahadi, duk wannan yana shiga fom. Gurabe 10 ne na ayyuka, har da rukunin ɗawainiyar gida a ciki. Ta rubuta, ta sa awannin da take yi.

Har yanzu ina jin wasu iyaye na cewa ai baƙar fata ce, za su yi rububinta. Wannan zance ya tsufa. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i yin la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Abin da hukuncin ya bari shi ne yaro ya bayyana a rubutunsa yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa, a auna shi a kan abin da ya yi da hakan.

Mu an kira ɗana intabiyun BS/MD, ba a ɗauke shi ba. Ya tafi jami'ar jiharmu da tallafin karatu mai tsoka, ya zana MCAT, yanzu yana makarantar likita ba tare da bashin digirin farko a wuyansa ba. Wannan hanya ba ta rufe ba: duk shekara mutum sama da 50,000 ke neman makarantun likita masu ba da digirin MD, kusan 23,000 ke shiga. Akwai kuma damar tsakiya, kamar shirin FlexMed na makarantar likita ta Mount Sinai da ake nema a shekara ta biyu ta jami'a ba tare da MCAT ba, ga makarantun DO, wani nau'in digirin likita, da su ma cikakkun likitoci suke yayewa. Shi kansa shirin kai tsaye ba shiga ka kwanta ba ne. Yawancinsu suna da makin da ba a yarda a sauko ƙasa da shi ba, wasu kuma sai an kawo adadin da suka yanka a MCAT, in aka gaza kujerar ta tafi. Amfaninsa kwanciyar hankali, kuma ban raina wannan ba, na ga yadda fargabar MCAT ke hana yara barci. Amma ban ga ya cancanci a ci bashin da za a yi shekaru ana biyan kuɗin ruwa a kai ba.

Tunda kuɗi ya shigo: manyan jami'o'i masu zaman kansu kan haura dala 80,000 a shekara a rubuce, amma ba kowa ke biyan haka ba. Harvard ta sanar a 2025 cewa iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ba za su biya komai ba. Kowace jami'a tana da wurin ƙiyasta abin da za ki biya a shafinta. Ki zauna da takardar harajinku ta bara ki cika, kafin yarinya ta ƙwallafa rai a kan suna. Ki kuma yi hattara da Early Decision, tsarin neman gurbi da wuri, wanda galibi ake rufewa 1 ga Nuwamba, domin alƙawari ne: in sun ɗauke ta, sai ta janye sauran ta tafi can.

Wasu kan ce a mayar da yaro gida ya yi MBBS ya dawo. Ana yi, amma dawowar tana nufin jarrabawar lasisin likita ta USMLE da tantancewar hukumar ECFMG mai duba likitocin da suka yi karatu a waje, sannan gasar neman gurbin horo a matsayin wanda ya yi karatu a waje, wadda ta fi tsauri.

Da ɗiyata ce, daga ƙasa zan gina jerin. Jami'ar jiha biyu ko uku da na tabbata za su ɗauke ta kuma aljihu zai ɗauka, sai 'yan matsakaita, sannan BS/MD kaɗan da Brown a sama, a nema a bar wa Allah. Kowane shiri yana da ƙarin rubutunsa, in ta ɗebo da yawa duk za su fito salam-salam. Kuma Hajiya, ki sa wata gwaggonta ko yayarta ta tambaye ta, ba a gabanki ba, ko likitancin nata ne ko namu ne iyaye. Masu intabiyu sun ƙware wajen gano wannan.

Ki turo min jihar da kuke da matsayin takardunta da darussan da za ta ɗauka a aji 12, sai mu ga waɗanne shirye-shirye ne ma za su karɓi fom ɗinta. Wasunsu tun a Nuwamba suke rufewa, saboda haka ta nemi wasiƙun shaida daga malamanta kafin a tafi hutu.