Amsa: Wannan mai kama da ƙadangare da ka gani a fadamar gandu

Malam, ka ce ka ɗaga ruɓaɓɓen icce a bakin fadama ka tarar da wani abu mai wutsiya, jikinsa a jiƙe, kana tambaya ko ƙadangare ne. Ina kyautata zaton salamanda ce, 'yar'uwar kwaɗo. Duba fatarta: ba ta da ɓawo irin na ƙadangare, yatsunta kuma ba farce. Wasu ma ba su da huhu sam, ta fata suke numfashi, shi ya sa ba sa nisa da laima. Don Allah kada ka kama ta da hannun da ka shafa wa mai ko maganin sauro, fatar tana tsotsewa.

Ka kuma tambayi abin da ya sa kududdufin da ke ƙafewa ya fi tara kwaɗi. Ai kifi mai cinye ƙwansu ne ba ya zama a ciki, sai ƙwai da talibambam su tsira. In ka ga ƙwai dunƙule, galibi na kwaɗo mai santsi ne. Mai kaushin fata yakan jera nasa kamar igiya.

Iccen nan kuwa, ka mayar da shi yadda ka same shi, a hankali.