Karatun kula da gidaje a Ingila: amsa ga ƙanena mai shirin tahowa

Salamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya same ni, na kuma karanta shi da kyau. Ka ce ka gama sakandare, kai ne kake zagayawa karɓo wa Alhaji kuɗin hayar gidajensa da shagunansa a Kano, harkar ta shiga ranka, shi ya sa kake son zuwa Ingila ka yi digiri a fannin da suke kira Real Estate Management. Kana tambayar jami'ar da ta fi, da abin da za a kashe, da ko ana samun aiki bayan an gama.

Kafin mu je kan jami'a, akwai tambayar da ba ka yi ba, kuma ita ce uwar sauran: a ina kake son ka yi aikin, nan ko gida? Likita in ya koyi jikin mutum a Leeds, jikin da zai tarar a Asibitin Murtala shi ne dai. Mu tamu sana'ar ba haka take ba. Kusan rabin abin da za a koya maka doka ce, dokar kuwa ta ƙasar da ginin yake ce. A nan za ka ƙare shekara uku kana haddace bambancin mai mallakar ƙasa har abada da wanda ya sayi ɗaki a bene na wa'adin shekara 99 ko 125 ko 999, da dokar haya ta 1954 da ke ba ɗan kasuwa damar sabunta hayar shagonsa, da ta 1985 mai magana kan kuɗin hidimar gini. Ranar da ka sauka a Kano kuma, abin da zai tare ka shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, da neman amincewarsa kafin a sauya mai takardar C of O, da layi a ofishin KANGIS mai kula da takardun filaye, da takardar mai unguwa, da fulotin da aka sayar wa mutum biyu, da gidan gado da magada goma sha suke jiran a ƙiyasta a raba. Babu malamin da zai koya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan a Ingila.

Ka kuma cire wa ranka cewa aikin dillanci ne da kwat. A gida dillali ya haɗa mai gida da ɗan haya, a biya shekara guda ko biyu, ya yanki la'adarsa, shi ke nan sai wata shekarar. A nan ranar da ɗan haya ya karɓi makulli ranar aikinka ya fara. Kuɗin ajiyar da zai bayar ba zai wuce hayar mako biyar ba a yawancin gidaje, kuma dole cikin kwana 30 ka sa shi a asusun da gwamnati ta amince da shi, ba aljihun mai gida ba. Duk shekara sai ƙwararre ya duba gas ya ba da takarda, duk shekara biyar a duba wayoyin lantarki. Kafin ka ba mutum gida sai ka tabbatar yana da izinin zama a ƙasar. Kuɗin hayar da ka karɓa amana ce, asusunsa daban, in ka cakuɗa da na kamfani ka jawo wa kanka. A watan Oktoba na 2025 ma aka sa hannu a sabuwar dokar 'yan haya da ta soke damar da mai gida yake da ita ta tashin mutum ba tare da ya faɗi dalili ba. Wanda ya gama digiri kafin nan sai da ya zauna ya karanci sabuwar dokar.

Ni benaye nake kula da su, masu ɗakuna da yawa, kowane da mai shi. Bari in nuna maka safiyar Litinin ɗaya a lokacin sanyi. Kafin in cire rigar sanyi waya ta fara ƙara: wata dattijuwa a hawa na uku, ruwa yana ɗiga daga silin ɗinta kan gado. Mai ɗakin da ke samanta yana wata ƙasa, ɗan hayarsa ya tafi aiki ya kulle. Sai na nemo takardar yarjejeniyar ginin na duba, bututun da ya fashe na kowa ne ko na mai ɗakin ne shi kaɗai, domin amsar ita za ta nuna wanda zai biya. Sannan mai gyaran famfo, sannan kamfanin inshora, sannan in koma wurin dattijuwar in zauna in saurare ta, don a lokacin ba ta son jin wata doka, so take ta ga mutum. Da rana in bi matakala ina tura ƙofofin kare gobara ɗaya bayan ɗaya, in ga ko kowacce tana rufe kanta, in rubuta. A ginin da ya haura mita 11, ƙofofin hanyar kowa duk wata uku ake duba su. Da dare kuma taron masu ɗakuna, saboda za a sake rufin bene, kuma doka ta ce in abin da zai faɗo kan mutum ɗaya ya wuce fam 250 sai an tuntuɓe su a rubuce, an nuna musu farashin 'yan kwangila. In ka tsallake wannan mataki, fam 250 ɗin kawai za ka iya karɓa daga kowa, ko da aikin ya ci dubu ɗari. A irin wannan taro za ka ga Bature ya zo da fayil ya fi naka kauri.

Tsananin nan yana da tushe. Ranar 14 ga Yuni 2017 benen Grenfell da ke Landan ya kama da wuta, mutum 72 suka rasu, kuma abin da aka lulluɓe bangon da shi ne ya yaɗa wutar. Daga nan aka yi dokar tsaron gine-gine ta 2022, wadda ta ɗora nauyi mai yawa kan masu kula da benen da ya kai mita 18 ko hawa bakwai. A Disamba 2020 kuma wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale saboda fumfunar da danshi ya haifar a gidan da suke haya, bayan mahaifinsa ya sha kai ƙorafi. Yanzu akwai doka da sunansa da ta ƙayyade wa masu gidajen hayar jama'a wa'adin gyara. To aikin da kake sha'awa ke nan, rayukan mutane a ciki.

Sauran rabin karatun lissafi ne, kuma shi ne abin da zai bi ka duk inda ka je. Za a koya maka hanyoyi biyar na ƙiyasta darajar kadara. Mafi sauƙi shi ne kwatanta da makamancinta da aka sayar kwanan nan. Wanda ya fi daɗi a wurina shi ne na haya: shagon da ke kawo fam 50,000 a shekara, in masu zuba jari suna neman kashi 5 cikin ɗari, darajarsa fam miliyan ɗaya. In kasuwa ta juya suka ce sai kashi 6.25, ya faɗo 800,000, alhali ko bulo ɗaya bai motsa ba. Ka gwada wannan da shagunan Alhaji a daren yau, ka raba hayar shekara da kuɗin da ake taya su, za ka ga wanne ne yake ciyar da gida, wanne ne ake riƙe da shi don suna kawai. Sai dai in faɗa maka tun yanzu, lissafin kuɗin ruwa ya cika darasin, kuma akwai ranar da za a ba ka mashaya ko shagon caca a cikin gine-ginen da kake kula da su. Ka tambayi malamanka tun kana gida ka san inda za ka tsaya. Akwai bankuna irin su Gatehouse masu ba da kuɗin sayen gida bisa tsarin Musulunci, wasu 'yan'uwa can suka karkata.

Batun jami'a ba zan tsawaita ba. Reading ta yi suna a wannan fanni tun da daɗewa, sai Oxford Brookes, Nottingham Trent, Sheffield Hallam, Northumbria. Abin dubawa ɗaya ne: shin ƙungiyar RICS ta amince da wannan kwas ɗin? Ita ce ƙungiyar ƙwararrun da aka kafa a Landan a 1868, kuma da kwas da ta amince da shi ne za ka shiga horon da ake kira APC kai tsaye, wata 24 kana aiki ƙarƙashin wani gwani kana rubuta abin da ka yi, sannan ka zauna gaban kwamiti su yi maka tambayoyi na awa guda. In ka haye ka zama MRICS, wato cikakken mamban ƙungiyar, wannan kuwa ana girmama shi a Dubai da Doha da Legas. Kada ka yarda da bakin ajan mai nema wa ɗalibai gurbin karatu, ka shiga shafin RICS da kanka ka ga sunan kwas ɗin, domin jami'a ɗaya tana iya samun kwas biyu masu kama da juna, ɗaya da amincewa ɗaya babu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Bizar da ake ba wanda ya gama digiri shekara biyu ce, horon APC shi ma shekara biyu, wato ko kwana ɗaya ba ka da shi na neman aiki. Gwamnati ta kuma sanar cewa daga Janairu 2027 za a mayar da bizar wata 18. Kafin ta ƙare sai ka sami kamfanin da zai ɗauki nauyin bizar aikinka, kuma mafi ƙarancin albashin da ake nema ya koma fam 41,700 tun Yuli 2025. Akwai rangwame ga sabbin masu digiri, amma ko da shi, albashin farko na mai kula da gidajen haya sau da yawa ba ya kaiwa. Dalili kuwa, a Ingila ba a buƙatar digiri kafin a yi wannan aiki. Da yawa daga abokan aikina daga teburin amsa waya suka fara, suka yi jarrabawar ƙungiyar The Property Institute suna aiki. Kamfani ba zai wahalar da kansa da takardun biza ba alhali ga ɗan gari a bakin ƙofa. Manyan kamfanoni irin su Savills da CBRE da JLL da Knight Frank suna ɗaukar sabbin masu digiri, amma tun farkon shekarar ƙarshe ake nema, masu nema kuma ba su ƙirguwa. In har ka zo, ka zaɓi kwas mai shekara guda ta aiki a tsakiya, don ana iya lissafa wannan shekarar cikin wata 24 ɗin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗi kuwa, da wuya ka sami kuɗin makaranta ƙasa da fam 15,000 a shekara, wasu sun haura 20,000 nesa. Da takardar WAEC kaɗai yawancin jami'o'i sai ka yi shekarar share fage, ka ga uku ta zama huɗu. Ga kuɗin lafiya fam 776 kowace shekara, ana biyan na dukkan shekarun tun wurin neman biza. Ga kuɗin zama da za ka nuna a banki na wata tara, sama da fam 1,100 a wata in a wajen Landan ne, kuma sai sun kwana 28 a asusu ba a taɓa ba. Aiki awa 20 a mako aka yarda maka lokacin karatu, zai biya maka ɗaki da abinci in ka yi sa'a, ba zai biya makaranta ba. Ka tuna abin da ya faru bayan an saki naira a Yuni 2023: fam da ke wajen naira 600 ya doshi 2,000, ɗalibanmu da yawa suka kasa cika kuɗin zango, wasu aka soke musu rajista. Hayar Alhaji da naira take shigowa. Kada a sayar da gidan da ke ciyar da iyali don a koyo yadda ake kula da gidaje.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. In nemi Estate Management a gida, akwai shi a Jami'ar Bayero, da ATBU Bauchi, da FUT Minna, da Kaduna Polytechnic. A jami'a shekara biyar ne. In ci gaba da riƙe gidajen Alhaji ina karatu, amma da littafi da rasit da yarjejeniya a rubuce, ba da baki ba. Bayan hidimar ƙasa in shiga ofishin wani mai rajista, in bi hanyar NIESV, ƙungiyar masu ƙiyasin kadara ta Najeriya, wadda ke nan tun 1969, da hukumar ESVARBON da dokar soja ta 1975 ta kafa, domin sai da rajistarta mutum yake da hurumin sa hannu da hatimi a rahoton ƙiyasin kadara a Najeriya. Ko da digirin Ingila ka koma, ta wannan ƙofar za ka bi. Bayan nan, in har yanzu ranka yana nan, ka zo ka yi digiri na biyu na shekara ɗaya wanda RICS ta amince da shi. Kuɗin shekara ɗaya ne maimakon huɗu, kuma za ka shiga aji da abin faɗa a bakinka. Sai dai ka sani, tun Janairu 2024 mai irin wannan digirin ba a ba shi damar tahowa da iyali, in aure ya riga ya shigo sai a yi shawara da amarya.

In kuwa niyyarka zama a nan ne ba komawa ba, to wannan wata magana ce, kuma zan ce ka karkata ga ɓangaren ƙiyasi ko duba lafiyar gini, inda lambar MRICS take da nauyi kuma kamfanoni suka fi yarda su ɗauki nauyin biza.

Ka turo mini cikakken sunan kwas ɗin da ajan ya nuna maka da sunan jami'ar, mu duba tare kafin ka ba shi ko sisi. Ka gaishe mini da Alhaji da Hajiya.