Amsa kan shibra: a cire ta duka ko a bar ta?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko shibrar da ta cika maka gona a Keita, cikin jihar Tahoua ta Nijar, ita ce uwar hatsi kamar yadda aka gaya maka, kuma ko kuskure ne a tuge ta. Abu biyu ne aka haɗa maka. Akwai hatsin daji na asali, wanda ke fitowa da kansa a bakin ƙorama da cikin duwatsu, daga Adar har Azawak da Abzin. Daga jinsinsa kakanni suka samo hatsin da muke ci. Ita kuwa shibra barbarar yanyawa ce tsakanin na daji da na gida.

Hatsi iska ce ke ɗaukar bununinsa daga wannan zangarniya zuwa waccan, kuma ɓangaren mace na furen yana riga na namiji fitowa da 'yan kwanaki, shi ya sa yake saurin karɓar bununin maƙwabci. Shibra ɗaya da aka bari ta yi bununi a tsakiyar gona za ta ɓata irin baɗi. Ga shi tana zubar da ƙwayarta ƙasa kafin girbi, damina na sauka ta tsiro tare da shuka. Tana ƙarama da wuya a gane ta, sai ta fid da kai: siririn kara, 'ya'ya barkatai, gajeren kai mai gashi, ƙwaya ƙanana.

Don haka a ware fegin iri, nesa da sauran gonakin hatsi da mita 200 zuwa 400 in fili ya ba da dama. A zaga shi kowane kwana biyu ko uku da zarar kai ya fara fita, a tuge shibra da saiwarta kafin ta yi bununi, a kai wa dabbobi. In an jira ta nuna, aikin banza ne. Iri kuma a zaɓe shi a tsakiyar fegi, zangarniya 200 ko fiye, kada a ɗebo a gindin rumbu ko a masussuka. A sauran gona, wanda ke cin shibra lokacin da rumbu ya ƙare, tunda tana riga hatsi nuna, ya yanke ta da wuri kafin ta zube.

Na dajin ne nake roƙon a bari. A jikinsa masu bincike a Amurka suka samo juriyar cutar tsatsar ganye suka sa wa hatsin gida, an kuma ga wasu jinsinsa suna jure ƙuduji. Kiwo tun kafin ya zuba ƙwaya da faɗaɗa gonaki ne ke cinye shi. Inda yake, a yi magana da mai gari da makiyaya a ɗaga masa ƙafa har ƙarshen damina.

Mai son adana irin na dajin ya tsinko daga tsirrai 30 zuwa 50 masu nisa da juna, cikin jakar yadi, don leda tana sa gumi ya ruɓar da shi. A shanya a inuwa ya bushe ƙamas, a rufe a kwalba, a rubuta wuri da shekara. A kai wani kaso ga ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, ko rumbun adana iri na ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, da ke Sadore kusa da Yamai, amma kada a shuka shi kusa da fegin iri.